Girman Kyamara: Nauyinta a Kafaɗa da Nauyinta a Idon Jama'a

Girman kyamara yakan yanke hukunci a kan abu biyu tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. Na farko shi ne inda mai hoto zai iya kaiwa da ita, da tsawon lokacin da zai jure tana rataye a wuyansa. Na biyu shi ne kallon da mutanen wurin za su yi masa: ko su ɗauke shi ma'aikaci da ya zo aiki, ko baƙo mai yawon buɗe ido, ko ɗan leƙen asiri, ko kuma su ƙi lura da shi gaba ɗaya. Masu ƙera kyamara sun fi maganar na farko, domin shi ake aunawa a ma'auni. Amma na biyun ya fi taɓa hoton da ake samu a ƙarshe, don fuskar da mutum ke nunawa ta danganta da abin da ya ga an nufo shi da shi.

Da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa a 1839, kyamara akwatin katako ce da ake girkawa a kan ƙafa uku. Hanyar da Frederick Scott Archer ya fito da ita a Ingila a 1851 ta ƙara wa hoto kyau, ta kuma ƙara wa mai hoto kaya. Sai an shafa wa farantin gilashi magani, a ɗauki hoton, a wanke shi tun farantin bai bushe ba, cikin 'yan mintoci kaɗan. Ke nan duk inda mai hoto ya nufa, ɗakin duhu na biye da shi. Roger Fenton ya je yaƙin Kirimiya a 1855 da keken doki guda cike da kwalabe da faranti da tankunan ruwa, ya dawo da hotuna kimanin 360, kuma babu na artabu a cikinsu. Hafsoshi ne a tsaye, da tantuna, da filayen da aka gama yaƙi a kansu. A wancan zamani ba a ɗaukar mutum bai sani ba. Wanda za a ɗauka ya ga an sauke kaya, ya ga mai hoto ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyalle, shi kuma ya gyara tsayuwa ya daskare har a ce masa an gama.

George Eastman ya rushe wannan tsari a 1888 da Kodak, akwatin da ake riƙewa a hannu, ɗauke da fim na hoto 100, a kan dala 25. A 1900 Brownie ta biyo baya a kan dala 1, har yara suka samu. Abin lura shi ne, ƙanƙancewar kyamara da zargin mai riƙe da ita tare suka zo. Jaridun Amurka suka cika da ƙorafi a kan masu yawo da Kodak a bakin teku suna ɗaukar mata ba izini. A 1890 lauyoyi biyu, Samuel Warren da Louis Brandeis, suka wallafa maƙalarsu a mujallar shari'a ta jami'ar Harvard a kan haƙƙin mutum na a bar masa sirrinsa, kuma hoton da ake ɗauka nan take yana cikin abubuwan da suka ambata da suna.

Oskar Barnack, ma'aikacin kamfanin Leitz a garin Wetzlar na Jamus, mai fama ne da ciwon asma, kuma jan manyan kaya yana wahalar da shi. Ya ɗauki fim ɗin sinima mai faɗin milimita 35 ya gina masa ƙaramin gida na ƙarfe, wanda aka fitar kasuwa a 1925 da sunan Leica. Tana shiga aljihun kwat, kuma ƙararta ba ta da yawa. A kusan lokaci guda Erich Salomon yana shiga kotuna da tarukan shugabannin Turai da kyamarar Ermanox, wani lokaci a ɓoye cikin hular da aka huda, yana fito da hotunan ministoci suna gyangyaɗi ko suna raɗa. Henri Cartier-Bresson, wanda ya fara aiki da Leica a farkon shekarun 1930, yakan liƙe wuraren da ke ƙyalli a jikinta da baƙin tef don kada ta ja ido.

Wanda ya kai wannan hanya ƙarshenta shi ne Walker Evans. Daga 1938 zuwa 1941 yakan zauna a jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York da kyamarar Contax a ƙirjinsa, cikin babbar rigar sanyi, idonta yana leƙowa tsakanin maɓallai biyu. Igiyar dannawa ta bi ta cikin hannun riga zuwa tafinsa. Ba ya leƙawa, ba ya ɗaga hannu, sai dai ya daidaita zama ya fuskanci wanda ke kujerar gaba ya matsa. Fuskokin da ya samu na mutanen da suka gaji ne, waɗanda suka saki jiki domin sun ɗauka babu mai kallonsu. Sai a 1966 hotunan suka fito a littafi, bayan shekaru 25. Suna cikin mafi kyawun hotunan ƙarni na 20, kuma babu ko mutum ɗaya a cikinsu da aka nemi yardarsa. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma ɗaya ba ta wanke ɗaya.

A ɗaya ɓangaren, babbar kyamara ta zama kamar kakin aiki. Daga shekarun 1930 zuwa 1950 ɗan jaridar Amurka da Speed Graphic aka san shi, akwati mai nauyin fiye da kilo 2, da fitilar walƙiya mai faɗin faranti a gefe. Kowane gidan fim ɗinta hoto biyu kawai yake ɗauka, don haka mai ita ba ya ɓarin dannawa. Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee, ya yi shekaru yana bin gawarwaki da gobara a New York da ita, kuma ya taɓa faɗa cewa ganinta kaɗai kan sa 'yan sanda su buɗe wa mutum hanya. Nauyin da ke gajiyar da hannu shi ne kuma takardar izinin shiga.

Akwai masu zaɓar babba da gangan saboda abin da take sa mutum ya yi. Seydou Keïta, wanda ya buɗe gidan hotonsa a Bamako a 1948, ya yi aiki da kyamara mai fim na santimita 13 da 18, kuma galibi hoto ɗaya yake ɗauka wa kowane mai zuwa saboda tsadar kaya. Mai zuwa ya san haka. Yakan zo cikin mafi kyawun tufafinsa, a zaunar da shi gaban zane mai ado, a ba shi rediyo ko agogo ko babur ya dafa, a gyara masa kwanciyar hannu da karkatar wuya. Ƙasaitar da ake gani a hotunan Keïta ta fito ne daga wannan jinkiri, inda mai hoto da wanda ake ɗauka suka haɗu suka shirya abu ɗaya. Richard Avedon ya bi irin wannan hanya tsakanin 1979 da 1984, lokacin da ya zagaya yammacin Amurka da kyamara mai fim na inci 8 da 10 ya ɗauki fiye da mutum 700. Da irin wannan kyamara, idan an gama saiti, mai hoto a gefenta yake tsayawa, ido cikin ido da wanda yake ɗauka, ba abin da ya rufe masa fuska.

Siffa ma tana da nata tasiri, ban da girma. Rolleiflex, wadda ta fito a 1929, ana riƙe ta ne a daidai ciki, a sunkuya a leƙa ta sama. Mai ita kansa a ƙasa yake, kamar mai gaisuwa, kuma mutane da yawa ba sa jin an auna su. Wadda ake ɗagawa zuwa ido kuwa tana rufe rabin fuska, ta bar dogon baki yana nuna mutum.

Tambayar da ke biyo baya ita ce me ya hana manyan kyamarori ɓacewa, tunda fasaha kullum ƙanƙanta abubuwa take yi. Amsar tana cikin haske. Farantin da ke karɓar haske, in ya fi faɗi, ya fi tara shi, hoton dare ya fi tsabta, amma yana buƙatar idon gilashi mai faɗi da zai cika shi. Idon da ke jawo nesa mai tsawon milimita 400, irin wanda ake gani a gefen filin ƙwallo, gilashinsa na gaba ya kai faɗin santimita 14, kuma nauyinsa wajen kilo 3 ne. Babu dabarar kwamfuta da ta soke wannan lissafi. Kyamarori marasa madubi a ciki, waɗanda Panasonic ya fara fitarwa a 2008, sun rage jikin sosai. Sony A7 ta 2013 ba ta kai rabin kilo ba. Sai dai idanun da ake ɗaura musu ba su ragu haka ba. Mai ɗaukar biki da ke rataye da jiki biyu da ido biyu da fitila har yanzu yana yini da kilo 4 zuwa 5 a kafaɗa, kuma ciwon wuya da na baya sanannen abu ne a sana'ar. Ricoh GR kuwa, da Daido Moriyama ya shahara da ita a titunan Tokyo, nauyinta wajen rubu'in kilo ne. Bambancin ya fi bayyana a ranar da babu aiki: babbar tana gida a jaka, ƙaramar tana aljihu.

Masu gadi da hukumomi su ma da girma suke aunawa. Wuraren wasanni da na kaɗe-kaɗe da yawa suna hana shiga da kyamarar da ake cire wa ido, alhali dubban wayoyi na ɗauka a ciki. Gidajen tarihi kan hana ƙafa uku. A Birtaniya, 'yan sanda sun yi ta tare masu hoto a titi ƙarƙashin sashe na 44 na dokar ta'addanci ta 2000, har masu sana'ar suka yi gangami a dandalin Trafalgar na Landan a watan Janairun 2010, watan da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke cewa sashen ya saɓa wa haƙƙin jama'a. Hankali bai goyi bayan wannan awo ba, domin mai mugun nufi ba zai zo da kayan da ake hangowa daga nesa ba. Amma mai gadi abin da ya gani yake tarewa.

A fagen yaƙi kuskuren ya fi haka tsada. A watan Agustan 2003 sojojin Amurka suka harbe Mazen Dana na kamfanin dillancin labarai na Reuters a wajen kurkukun Abu Ghraib, suka ce sun ɗauki kyamarar da ke kafaɗarsa a matsayin makamin harba roka. A ranar 12 ga Yulin 2007 wani jirgi mai saukar ungulu ya kashe Namir Noor-Eldeen, shi ma na Reuters, da direbansa Saeed Chmagh a Bagadaza, kuma a faifan da ya fito a 2010 ana jin matuƙan suna kiran kyamararsa makami.

Waya ta juya lamarin ta wata fuskar. Kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121 a 2010. Bayan shekaru goma adadin ya faɗo ƙasa da miliyan 10. Yanzu kowa mai hoto ne, kuma wanda ya ɗaga waya ba a sanin ko saƙo yake karantawa ko ɗauka yake yi. Ɓoyewar da Evans ya sha wahala kafin ya samu ta zama kyauta ga kowa, tare da illarta. Saboda masu ɗaukar mata a ɓoye, wayoyin da ake sayarwa a Japan da Koriya ta Kudu ana ƙera su ne yadda sai sun yi ƙara idan an ɗauki hoto, ko da an kashe sautin wayar. Wato sanarwar da girma ke yi a da, yanzu da ƙara ake mayar da ita.

Yawan wayoyi ya kuma ƙara wa babbar kyamara kwarjini a kasuwa. A wurin biki, a Kano ko Maraɗi ko Legas, inda kowane baƙo ke da waya, abin da ke raba wanda aka biya da sauran jama'a shi ne kayan da ke wuyansa. Shi ake matsa wa ya wuce gaban amarya, shi ake saurare in ya ce a matso ko a dubo nan. Mai biki da ya biya kuɗi ya ga an zo masa da abin da bai fi tafin hannu ba yakan ji an rage masa wani abu, ko da hotunan za su fito daidai; ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Shi ya sa wasu masu hoto ke ɗaura wa ƙaramar kyamara ƙarin gidan batir da murfin ido mai faɗi, ba don aikin ya buƙata ba.

Saboda haka ƙwararru da dama ba sa tsayawa a kan guda. Inda ake so jama'a su san an zo aiki, su ba da hanya, su shirya fuska, babba ta fi. Inda ake so rayuwa ta ci gaba yadda take, kasuwa ko tasha ko cikin gida, ƙarama ta fi, kuma ita ce ake iya yini da ita ba a gaji ba. Sai dai babba tana neman izini da kanta, tunda wanda bai so ya gan ta, zai kauce ko ya ɗaga hannu. Ƙarama ba ta ba shi wannan dama, don haka neman izinin ya koma wuyan mai riƙe da ita.