Ɗalibin Da Marubutanmu Suka Bari A Bakin Ƙofa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Anka, Gummi ko Bukkuyum tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato ya san nauyin a ce ɗan gidan wane yana jami'a a Zariya. Yaro ɗaya ne, amma gari duka ke sa masa ido. Saboda haka ranar da rediyo ya ce an yi harbi a Samaru, ba a Zariya kaɗai aka kwana ba barci ba. Abin da ke ba mu mamaki shi ne yadda wannan dare, da abin da ya jawo shi, suka kasa samun gurbin kirki a ƙagaggun labaranmu na Hausa.

Bari mu tuna wa mai karatu. A watan Afrilu na 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga Naira 1.50 zuwa Naira 2. Ɗalibai suka fito a faɗin ƙasa suna kiran dole Kanar Ahmadu Ali, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, ya sauka. Aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyarsu ta ƙasa. Bayan shekara takwas, ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka yi jerin gwano don tunawa da mamatan, hukumar jami'a ta hukunta shugabanninsu, rikici ya tashi. Ranar 23 ga Mayu, 1986, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a harabar jami'ar. Gwamnati ta ce mutum huɗu suka mutu. Ɗalibai suka ce ƙarya ne, sun fi haka. Aka kafa kwamitin bincike na Janar Abisoye, amma da wuya ka sami ɗalibin wancan lokaci da ya ɗauka cewa gaskiya za ta fito daga can.

To, a namu ra'ayin, labarin yana cikin wannan saɓani na ƙirga gawa. Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne gare shi. A Afrilun 1980, da manoman Bakolori, nan maƙwabtanmu a ƙasar Talata Mafara, suka tsaya kan diyyar gonakinsu, aka tura musu 'yan sanda. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen ƙauye suka ce ɗaruruwa ne. A 2010 kuma gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma kuɗin share ƙasar Bagega bai fito ba sai 2013, bayan matasa sun yi ta matsa wa gwamnati lamba. Mutumin da ya ga waɗannan, in ya ji sanarwar hukuma sai ya tambayi na kusa da shi, "To, mene ne gaskiyar?"

Ba mu ce marubutanmu ba su taɓa siyasa ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, waɗanda suka fito a 1982, sun yi ƙarfin hali ƙwarai, haka ma Tura Ta Kai Bango a 1983. Sai dai a irin wannan rubutu mugunta tana da fuska ɗaya: mai fasa-ƙwauri, ko ɗan ta'adda, ko azzalumin mai mulki. Mai karatu yana jiran faɗuwarsa, in ya faɗi hankali ya kwanta. Su ma ɗaliban haka suka yi, suka rataya laifi a wuyan mutum guda. Ali ya tafi, Farfesa Ango Abdullahi ya bar kujerar shugabancin jami'a a 1986, amma a 1989 ga ɗalibai sun sake cika titi kan shirin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida. Ashe ciwon ya wuce mutum ɗaya. Wannan ne ya kamata marubuci ya hango tun kafin mai ɗauke da kwali ya hango.

Da littattafan Kasuwar Kano suka yi tashe a shekarun 1990, ɗan jami'a ya shigo labari, amma da mota da kwalisa da wasiƙar soyayya. Mu kuwa manazarta muka ɓata shekaru a jaridu muna gardamar ko soyayya na ɓata tarbiyyar 'yan mata (mu ma mun sa baki, ba mu wanke kanmu ba), ba mu tambayi me ya sa wannan saurayi bai taɓa shaƙar barkonon tsohuwa ba, bai taɓa dawowa gida da jakarsa a ka don an rufe makaranta ba.

Uzurin tsoron soja ya wuce tun 1999. Waɗanda suka tsere daga Samaru a 1986 yau dattawa ne, wasunsu suna nan cikinmu, sun yi ritaya daga aikin koyarwa ko na ƙaramar hukuma. Marubucin da ke son wannan labari ba ya bukatar zuwa ɗakin ajiyar takardu na Kaduna tukuna. Ya fara da tabarmar ƙofar gidansu bayan La'asar, ya tambaye su yadda aka yi suka iso tashar mota, da abin da suka gaya wa iyayen abokin da bai dawo tare da su ba.