Ƙunshin Kimsooja da hannuwan da ake mantawa da su

A shekarar 1997 wata mai fasaha 'yar Koriya ta Kudu, Kimsooja, ta shaƙe mota da ƙunshe-ƙunshen tsofaffin tufafi, ta ɗaure su tamau, ta haye can sama ta zauna. Kwana 11 aka yi ana zaga ƙasar da ita, tafiyar kilomita 2,727. An ƙunshe su ne da mayafan gado masu ruwan ja da ɗorawa da kore, waɗanda aka kwanta a kansu shekara da shekaru, ɗaurin kuma irin wanda mace ke yi ne ranar ƙaura. Sunansa bottari.

Yau gina siffa da yadin gargajiyar Koriya ya zama yayi a manyan gidajen baje kolin fasaha, kuma ina murna da haka. Dubi Do Ho Suh. A 1999 ya ɗinka gidan da ya tashi a cikinsa a Seoul da siliki shara-shara, daidai girmansa, aka rataye shi a Los Angeles. Gida ne sukutum, amma ana ninke shi a sa a akwati. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci ba sai an yi masa bayani ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yabon jogakbo, wato ƙyallen ƙunshi da matan zamanin daular Joseon ke harhaɗawa daga ragowar yadi. Sai ka ji ana cewa ai ya yi kama da zanen Mondrian na ƙasar Holland. Wa ya riga wani? Matan nan sun ɗinka nasu ne don kada ko ƙyalle ɗaya ya tafi a banza, mafi yawansu kuwa ba a ma san sunansu ba.

Kuma har gobe akwai irinsu. A yankin Hansan na Koriya, inda ake saƙa mosi, yadin nan marar nauyi da UNESCO ta sa saƙarsa cikin kayan gadon duniya a 2011, mace da haƙoranta take tsaga zaren, ta jiƙa da miyau, ta murza shi a gwiwa har ya haɗu da ɗan'uwansa. Masu wannan aiki tsufa suke yi, matasa kuma ba su cika shiga ba.

Don haka in an rataye aiki a zauren baje koli, ina son in ga sunan masaƙiya da maɗinkiya kusa da na mai fasahar, a kuma ware musu rabonsu cikin kuɗin da aka sayar da shi.