Benen The Lawn: Adon Garin Harlow

The Lawn bene ne mai hawa 10 a Harlow, sabon garin da gwamnatin Birtaniya ta ware a 1947 don rage wa Landan cunkoso bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Frederick Gibberd, wanda ya tsara garin, shi ya zana benen, aka kammala a 1951.

Gwanintarsa a fili take. Ya yi amfani da jan bulo, ya ba ginin siffar malam-buɗe-littafi domin falo da barandar kowane gida su sha hasken rana. Bai sare tsofaffin bishiyoyin filin ba, sai ya dasa benen a tsakaninsu. Ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi suka samu muhalli na mutunci. Yau benen yana cikin gine-ginen tarihi da dokar Ingila ke karewa.