Muhalli da Yanayi a Gajerun Labaran Ingilishi na Zamanin Biktoriya

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibai kan ɗauki muhallin labari a matsayin amsar tambayoyi biyu kurum, wato ina abin ya faru, kuma yaushe. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa a gajerun labaran fatalwa da na bin diddigin laifi waɗanda aka rubuta a Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya (1837 zuwa 1901), muhalli shi ne ginshiƙin da jigo ya dogara a kansa. Za a yi haka ne ta hanyar kwatanta labarai biyu, ɗaya na Charles Dickens, ɗaya na Arthur Conan Doyle.

Muhalli a labarin fatalwa

Dickens ya fitar da "The Signal-Man" a 1866 cikin fitowar Kirsimeti ta mujallarsa, All the Year Round. Shekara guda kafin nan, ran 9 ga Yuni 1865, yana cikin jirgin ƙasan da ya yi haɗari a Staplehurst, inda mutum 10 suka rasu. Ba abin mamaki ba ne da ya bar tsofaffin gidajen sarauta da aka saba jingina wa fatalwa, ya kai tasa bakin layin dogo.

Tauraron labarin ma'aikacin sigina ne, yana zaune shi kaɗai a wani kwazazzabo mai zurfi da aka sare cikin dutse. Bangon kullum a jiƙe yake, rana ba ta cika leƙowa ba, ga bakin kogon da jirgi ke ratsawa, ga jar fitilar gargaɗi a gefensa. Tun kafin a ambaci fatalwa, wannan siffantawa ta riga ta sa mai karatu jin kamar kabari ya shiga. Abin lura shi ne, kayan aikin zamani su ne ke ɗauke da tsoron: ƙararrawa takan kaɗa ba wanda ya taɓa ta, iska kuma tana kuka a wayoyin tangaraho. Mai ba da labarin ya yi ƙoƙarin fassara komai da hankali, amma bayan kowace bayyanar fatalwar sai mutuwa ta biyo, har ta ƙare a kan ma'aikacin kansa. Muhallin ya yi gargaɗi, amma bai faɗi abin da za a guje wa ba. Nan ne ƙarfin labarin yake.

Muhalli a labarin bin diddigi

"The Adventure of the Speckled Band" ya fito a mujallar Strand a 1892. Da farko Conan Doyle ya ari dukkan kayan labarin fatalwa: tsohon gida mai suna Stoke Moran wanda ɓangare ɗaya kaɗai ake zama a cikinsa, fito da ake ji da tsakar dare, da budurwa da ta mutu a ɗakin da ta kulle da hannunta. Sai dai da Sherlock Holmes ya shiga ɗakin, kowane abin tsoro ya koma shaida. Igiyar ƙararrawa ba a haɗa ta da komai ba. Kafar shan iska ba waje ta nufa ba, ɗakin mai gidan, Dokta Roylott, ta ɓulla. Gado kuwa an kafe shi a ƙasa. Daga waɗannan ne Holmes ya gano hanyar maciji da likitan ke turowa don halaka agololinsa saboda gadon uwarsu.

Duk da gwanintar wannan tsari, akwai abin suka. Marubucin ya sa asalin sharrin ya fito daga Indiya: can likitan ya yi aiki, daga can macijin da sauran namun dajinsa suka zo. Ashe yanayin tsoron an gina shi ne bisa kallon da Ingila ke yi wa ƙasashen da ta mallaka. Bai kamata mai nazari ya kau da kai daga wannan ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa marubutan biyu da kaya iri ɗaya suka yi gini, wato kaɗaici, duhu, da ƙarar da ba a san mafarinta ba, har ƙararrawa ma kowannensu yana da tasa. Inda suka rabu shi ne ƙarshe. Conan Doyle ya warware muhallinsa sarai, ya tabbatar wa mai karatu cewa hankali na iya cin galabar tsoro. Dickens kuwa ya bar nasa a ƙulle, domin zamanin jirgin ƙasa ya zo da haɗurran da sigina ba ta iya hana su. Saboda haka, tambayar da ta fi dacewa malami ya yi wa ɗalibinsa ita ce: in aka ɗauke labarin nan daga wannan wuri, me zai rage?