Bugun Gefe a Hannun Joe Canning

A wasan hurling na ƙasar Ailan, idan ƙwallo ta fita ta gefen fili, ba a jefo ta da hannu. Ajiye ta ake yi a kan layi, daidai inda ta fita, a buge ta tana ƙasa. Doka ta hana a fara ɗaga ta da sanda. Da yawa daga cikin 'yan wasa dukanta kawai suke yi ta koma fili, duk inda ta faɗa shi ke nan. Joe Canning, ɗan garin Portumna a gundumar Galway, shi maki yake nema da ita.

Sandar wasan, wadda ake kira camán da harshen mutanen ƙasar, da itacen ash ake sassaƙa ta, saboda yana lanƙwasa ba ya saurin karyewa. Ƙarshenta mai faɗi sunansa bas, kuma yana da wani kusurwa mai kauri da ake kira dunduniya. Ƙwallon, sliotar, girmanta kusan ɗaya da na ƙwallon tanis, an rufe ta da fata mai ɗinki da ya yi tudu. Idan ta shiga raga maki uku ne, idan ta bi ta saman sandar gicciye tsakanin dogayen turaku biyu, maki ɗaya. Faɗin filin yakan kai mita 80 zuwa 90, ke nan mai bugun gefe yana hango turakun ne daga nesa, kuma a karkace, har ratarsu ta tsuke a idonsa.

Aikin yana farawa tun kafin a ɗaga sanda. Sai ya duba ciyawa, ya nemi ɗan tsiro da zai ɗora ƙwallon a kai, don a sami 'yar kafa a ƙarƙashinta. Ya ja da baya, ya ji inda iska ke kaɗawa. Hannun da ya fi ƙarfi yana can saman mariƙi, ɗayan na manne da shi a ƙasa. Yana zuwa ya dasa ƙafa a gefen ƙwallo, ya rusuna da gwiwoyi, sannan ya sauko da sandar a kwance, yadda manomi ke zura fartanya ƙarƙashin saiwa. Ba tsakiyar ƙwallo ake bugu ba. Dunduniyar sanda ce ke shiga tsakaninta da ƙasa, ta yanke ta, sai ta tashi tana juyawa baya, juyin da ke riƙe ta a sama har ta yi nisa. Ya yi ƙasa da yawa, laka zai tono. Ya yi sama kaɗan, ƙwallo ta tafi tana birgima. Kansa ba ya ɗagowa sai sanda ta gama zagayenta. Wannan ne ya fi burge ni, domin filin Croke Park na ɗaukar mutum sama da 82,000, kuma kowa a cikinsu turaku yake kallo, ban da mai bugun.

Hannu ba ya koyon wannan a ranar wasa. 'Yan hurling ba su da albashi, mutum unguwarsu yake bugawa, daga nan gunduma ta zaɓe shi. Wanda atisaye ya ƙare ya nufi gida, da wanda ya tsaya da buhun ƙwallaye a bakin layi cikin sanyi da yayyafi, ana gane su daga bugun farko.

Canning ya ci kofin ƙasa na ƙungiyoyi tare da Portumna a 2006, 2008, 2009 da 2014. Ya shiga babbar tawagar Galway a 2008. A 2017 ya ci makin da ya fitar da Tipperary a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa, daga dab da layin gefe, lokaci na ƙarewa. Galway ta doke Waterford a wasan ƙarshe ta ɗaga kofin gasar, wato kofin Liam MacCarthy, karon farko tun 1988, aka kuma zaɓe shi gwarzon shekara. A 2020, a karawa da Limerick, sau huɗu yana ajiye ƙwallo a kan layi yana tsallakar da ita tsakanin turaku, duk da cewa Galway ce ta sha kashi a ranar. Ya bar buga wa gunduma a 2021, bayan ya zarce Henry Shefflin na Kilkenny a yawan maki a gasar ƙasa.