Biro Marar Bango: Wai Don A Yi Magana Ne?

Ƴan uwa ɗalibai, nan da shekara ɗaya ko biyu yawancinmu za mu fara yawo da takardu muna neman sitaj ko aiki, don haka gara mu san irin ɗakin da ake shirya mana. Akwai wani salon biro da ake yayi a duniya: a rushe bangaye, a jera tebura ashirin ko ɗari cikin ɗaki guda, kowa na ganin kowa. Faransawa suna ce masa "open space", kalmar da su ma aro suka yi daga Ingilishi. Ni zan kira shi biro marar bango. Masu tallarsa sun ce in aka kawar da bango ma'aikata za su riƙa magana da juna, shawara ta yawaita, aiki ya yi sauri. To ni karatun harshe nake yi, magana ce abin bincikena, kuma wannan zancen bai shige ni ba.

Abin ya samu karɓuwa ne tun ƙarshen shekarun 1950, lokacin da wasu wa da ƙane, Eberhard da Wolfgang Schnelle, a ƙasar Jamus, suka fito da tsarin baza tebura cikin fili guda don a rage tazara tsakanin manya da ƙanana. A 1968 wani Ba'amurke, Robert Propst, ya ƙera allunan da ake gittawa tsakanin tebura don kowa ya samu ɗan lungunsa. Kamfanoni suka yi ta matse lungun har ya koma kamar akurki, shi kansa mutumin ya yi tir da abin kafin rasuwarsa. A 2015 Facebook ta buɗe wani gini a Kalifoniya inda mutum kusan 2,800 ke zaune a ɗaki ɗaya.

To maganar ta ƙaru? A 2018 Ethan Bernstein da Stephen Turban na Jami'ar Harvard suka auna. Sun rataya wa ma'aikatan wasu manyan kamfanoni biyu ƴan na'urori masu gane lokacin da mutum ke magana da wani ido da ido, kafin a rushe bango da kuma bayan an rushe. Magana baki da baki ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari. Saƙonnin imel kuwa suka ƙaru. Wato mutum yana ganin ƙeyar abokin aikinsa, amma sai ya rubuta masa wasiƙa.

Wannan bai kamata ya ba ɗalibin harshe mamaki ba. Erving Goffman ya daɗe da nuna cewa zance ba na mutum biyu ba ne kawai: akwai mai magana, akwai wanda ake yi wa, akwai kuma na gefe da ya kasa kunne. Allan Bell ya ƙara a 1984 cewa mai magana yakan daidaita harshensa da duk wanda ya san yana jin sa, ba da abokin zancensa kaɗai ba. Ku ɗauki wannan jimlar: "Malam, don Allah ban gane wannan lissafin ba." A ɗaki mai ƙofa, tambaya ce. A gaban mutum talatin, tallar jahilci ce. Wa zai yi? Sabon ma'aikaci, wanda ya fi kowa bukatar tambaya, shi ne zai fi kowa yin gum, don ya san magana zarar bunu ce.

Sai kuma hayaniya. Wani likitan kunne Bafaranshe, Étienne Lombard, ya bayyana a 1911 cewa mutum yakan ɗaga murya ba da saninsa ba in akwai ƙara kewaye da shi. Ka ɗaga, na ɗaga, kafin azahar biro ya zama kasuwar Katako. Ido ana rufe shi, kunne kuwa ba shi da marfi. Kuma ƙarar injin ba ɗaya take da muryar mutum ba, don ƙwaƙwalwa ba ta iya jin maganar da ta fahimta ta ƙyale. A 2010 Lauren Emberson da abokan aikinta sun nuna cewa jin rabin hira, irin ta mai magana a talho, ya fi ɗauke hankali bisa jin hirar duka, saboda kanka na ta ƙoƙarin cike abin da ɗayan ya faɗa. Mu da ke jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, ta ƙofa uku ake shigo mana.

Na yi sitaj na wata uku a wata ƙungiya a Yamai, mu goma sha huɗu a ɗaki guda. Abin da na fi lura da shi shi ne yadda Hausa ta ɓace daga ɗakin. Ba wanda ya hana ta. Amma da zarar mutum biyu sun rage murya cikin Hausa, sai wanda bai ji ba ya ɗauka gulmarsa ake, haka nan in an yi da Zabarmanci. Sai kowa ya fake da Faransanci, busasshe, na takarda. Gaisuwa ma ta gajarce, don ba ka iya tsayawa ka tambayi mutum gida da yara da gajiya alhali ido goma sha uku na kanka. In talho ya yi ƙara daga gida kuwa, sai ka ga babbar mace ta miƙe da sauri ta fita rana, ta tsaya kusa da mai gadi tana cewa: "Inna, ku yi haƙuri, sai ƙarshen wata." Zancen kuɗin magani da na makarantar ƙanne ai ba na bainar jama'a ba ne. Wanda ya zana ɗakin ya manta ma'aikaci yana da dangi.

Ga lafiya ma: wani bincike na ƙasar Danmak a 2011 ya gano cewa waɗanda ke zaune fiye da shida a ɗaki sun fi masu biro su kaɗai kwanakin rashin zuwa aiki don ciwo da kashi 62 cikin ɗari. Ku tuna da murar lokacin hunturu, ku tuna da tari guda cikin rufaffen ɗaki mai na'urar sanyi.

Ban ce ba shi da amfani ko kaɗan ba. Inda ake karɓar jama'a, kamar wurin biyan kuɗi ko karɓar takardu, fili ya fi: talaka na ganin wanda ke aiki da wanda ke latsa waya, kuma "ɗan na goro" ya fi wuyar miƙawa a gaban mutane. Wannan hujja ce mai ƙarfi, na yarda da ita. Amma aikin da ke son natsuwa, rubuta rahoto, fassara, lissafin kuɗi, me ya haɗa shi da wannan?

A ganina dalilin gaskiya biyu ne, kuma ba a cika faɗinsu ba: araha da sa ido. Bango kuɗi ne, ƙofa kuɗi ce, ɗaki guda ya fi goma sauƙin haya da wuta. In haka ne, a faɗa mana haka, mu ma mun san tsadar siminti. Abin da ban so shi ne a lulluɓe tsimi da sunan zumunci. In kun je neman aiki aka zagaya da ku cikin irin wannan ɗakin, ku duba can ƙurya. Galibi za ku ga wani ɗan ɗaki na gilashi, mai ƙofa, wani lokacin har da labule. Na shef ne.