'Yar Tsana a Bakin Tafkin Kainji da Darasin Ƙaramin Tedi

A kasuwannin ƙasar Yawuri, kamar sauran kasuwannin Arewa, abin wasan yara ya koma kayan saye. Ga 'yar tsanar roba mai shuɗin ido da ake shigowa da ita daga Sin, ga kuma tedi, ɗan tsanan nan mai gashi da ake yi da siffar dabbar beya, wanda ke fitowa daga dilar gwanjo, samari kuma su sayi sabonsa su kai wa budurwa. Yarinyar da uwarta ta tashi tana haɗa tata 'yar da kara da ƙyalle, yau jira take a sayo mata. Da yawa za su ce wannan bai kai a tsaya a kansa ba. Ni ina ganin an yi asara, kuma hannun yaranmu ne ya yi ta. Hujjata a nan ita ce, shi kansa tedin da ya kori 'yar tsanarmu yana ɗauke da hanyar ceto ta, in har muka dubi yadda masu ɗinka ƙananansa da hannu suke aiki a ƙasashen da ya fito.

Tarihin tedi gajere ne, an kuma san shi dalla-dalla. A watan Nuwamba na 1902 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya fita farauta a jihar Mississippi, 'yan rakiyarsa suka kama beya suka ɗaure a gindin bishiya don ya harbe, ya ƙi. Clifford Berryman ya zana abin a jaridar Washington Post, sai wani mai shagon alewa a Brooklyn, Morris Michtom, da matarsa Rose suka ɗinka ɗan tsanan beya suka sa masa laƙabin shugaban, Teddy. A daidai wannan lokaci, a garin Giengen na Jamus, akwai wata tela, Margarete Steiff, wadda shan-inna ta nakasa tun tana ƙarama ƙwarai. A 1880 ta ɗinka 'yar giwa ta ƙyalle don a riƙa soke allura a jikinta, yara suka mai da ita abin wasa. Ɗan ɗan'uwanta Richard ya tsara beya mai hannu da ƙafa masu motsi, aka kai shi baje kolin Leipzig a 1903, wani ɗan kasuwar Amurka ya nemi guda 3,000. Tun 1904 gidan Steiff ke maƙala ɗan maɓalli a kunnen kowane ɗaya don a san inda ya fito, zuwa 1907 kuma suna fitar da kusan miliyan ɗaya a shekara. A 1994 an sayar da wani tsohon tedinsu a gwanjon Christie's na Landan kan fam 110,000.

Abin da ya biyo baya ne ya fi shafar mu. Daga shekarun 1970, bayan masana'antu sun cika duniya da tedi mai arha, wasu mutane a Amurka, daga baya Ingila da Jamus da Japan, akasarinsu mata, suka koma ɗinka shi da hannu a gida, ɗaya bayan ɗaya. Wasunsu suka zaɓi ƙarami wanda bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Mai wannan aiki tana farawa da ma'auni na takarda: kai kaɗai yanki uku ne, gefe biyu da tsakiyar da ta taso daga hanci zuwa ƙeya. Ta yanke yadin, wanda galibi na gashin akuyar Angora ne, ta ɗinka shi ta ciki da sūka ƙanana masu bin juna, sannan ta sa hantsaki ta juyo shi, domin yatsa ba ya shiga hannun da faɗinsa bai kai na sillen kara ba. Ta cusa auduga kaɗan-kaɗan, ta zuba ɗan yashi a ciki don ya iya zama daram, ta haɗa gaɓoɓin da 'yan faya-faye da ƙaramar ƙusa mai baki biyu yadda za su juya. Idon ƙwaya ce ta gilashi, ana jan zarenta ta cikin kai har ta nutse, kuma a wannan ja ne fuskar ke samun fara'a ko ɓacin rai. Hanci da zare ake saƙa shi. In ta gama sai ta rataya masa 'yar takarda mai sunanta da shekarar da ta yi shi.

A ajiye wannan kusa da yarinyar Ngaski ko ta Shanga bayan an gama yankan dawa. Ta samu gaɓar kara mai kauri, ko totuwar masara, wata ma ƙashin ƙafar rago take tsinta bayan layya ta kankare shi. Ta je wajen tela ta roƙo ƙyallaye, ta naɗa wa kan baƙin zare ta yi masa kitso, ta ɗaura zani, ta kafa ɗankwali, ta zura 'yan duwatsu a zare ta yi sarƙa. Daga nan sai goyo, sai tuwon ƙasa, sai ranar da ƙawaye za su taru a yi wa 'yar tsana biki har da jere. Yayanta kuma yana gefe yana fere kara yana haɗa mota, ko yana sassaƙa ɗan jirgin da zai saka a ruwa. Babu wanda ya zaunar da su ya koya musu a aji. Amma ɗaurin zani da kitso da riƙon allura da auna abu da ido, a nan ake fara su, kuma yaron da ya taɓa ganin jirginsa na wasa ya kife saboda gefe ɗaya ya fi nauyi ya riga ya fahimci abin da masassaƙin kwale-kwale ke lura da shi.

Saboda haka ƙwarewa ba ta yi mana ƙaranci ba. Hannun da ke ɗinka hula da sūka dubbai, da wanda ke saƙa faifai, da na basarken da ke gyaran koma ido bayan ido, ba ƙaramin tedi ne zai gagare shi ba. Kayan aikin ma muna da su: audugar rimi da muke cusa wa matashi da lifidin doki ita ce Turawa suka daɗe suna cusa wa tedi, ga jar fatar akuyar Sakkwato, ga saƙi, ga ragowar atamfa da teloli ke sharewa kullum. Abin da mai ƙaramin tedi ta fi mu da shi uku ne, kuma duka ana koyon su: tana da ma'aunin da za ta sake amfani da shi gobe ta gyara kuskuren jiya, tana gama aiki yadda zai yi shekaru bai warware ba, tana kuma sa sunanta. Tamu 'yar tsanar damina ɗaya ke cinye ta, kuma babu mai cewa ga wadda ta yi ta.

Sai dai in an ɗauki dabarar, babu dalilin ɗaukar dabbar. Beya ba ta rayuwa a dajin Afirka ta Yamma, ɗan Yawuri bai taɓa jin kukanta ba, ba ta cikin tatsuniyar kakarsa. Kogin Kwara yana da nasa: dorina, wadda farautarta ake dangantawa da asalin bikin Rigata, da kada, da ayu, da giwan ruwa. Yana da mutanensa da shigarsu, Gungawa da Kambari da Shangawa da Lopawa da Sarkawa. Wannan yanki ya san yadda abu ke ɓacewa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gungaye da ƙauyuka, aka tashi mutane wajen 44,000 aka kai su sababbin matsugunai. Gida da gona da rumbu su ake ƙirgawa a irin wannan ƙaura. Yadda yarinyar gungu ke shirya 'yar tsanarta ba ya shiga lissafin diyya, yana nan ne kawai a hannun tsofaffin da suka yi ƙuruciya kafin ruwan, kuma waɗannan yanzu sun haura sittin.

Suka ta farko da za a kawo ta addini ce, kuma ta cancanci a saurare ta, domin hanin yin siffar mai rai ba ƙaramin abu ba ne. Amma malamai sun daɗe da keɓe abin wasan yara. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW), Abu Dawuda kuma ya kawo labarin dokinta na wasa mai fukafukai. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke haɗa wa yara abin wasa da ulu don su ɗauke musu hankali daga yunwa ranar azumin Ashura. Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, ya kafa hujja da irin wannan wajen halatta 'yar tsana ga yara mata saboda horon raino. Inda maganar ta yi tsauri shi ne abin da babba zai jera a kabad don ado, kuma a nan ba zan ce mu bi Turawa ido rufe ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da jirgi da rumbu da kayan jere na wasa, yana da 'yar tsana marar fuska, wadda ita ce ma ta gargajiyarmu.

Suka ta biyu ta fi ciwo. A yankin da jirgin ruwa ya nutse da mutane fiye da ɗari kusa da Wara a watan Mayun 2021, aka kuma sace ɗalibai daga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri wata ɗaya bayan haka, wa ke da sukunin zancen 'yar tsana? Gaskiya ne allura ba ta hana ɗan bindiga shigowa. Amma yaron da aka raba da ƙauyensu bai daina zama yaro ba, kuma macen da tsoro ya hana ta zuwa gona tana buƙatar sana'ar da jarinta bai wuce zare da almakashi ba. Ba zan ruɗi kowa da kasuwa ba: aikin hannu ba zai taɓa kai robar Sin arha ba, masu sayensa kaɗan ne, baƙin Rigata da na bikin kamun kifi na Argungu, makarantun rainon yara, da 'yan birni masu neman tsaraba. Ƙari ne a kan abin da ake samu, kuma wanda ya tallata shi a matsayin hanyar arziki ya zalunci masu koyo.

Sukar da nake ɗauka da nauyi fiye da duka ita ce, idan manya suka ƙwace wannan aiki suka ƙawata shi, yarinyar za ta sake komawa 'yar jira, sai dai a canza mata abin da take jira. Wannan haɗari ne na gaske, kuma ya riga ya faru a ƙasashen da tedi ya fito: ƙaramin tedi na manya ne, ana ma hana ba wa ƙananan yara shi don kada su haɗiye idonsa. Shi ya sa nake ganin aikin babba a nan ya tsaya a gangar jiki. Mai ɗinkin ta ɗinka shi da ƙarfi, ta cusa rimi, ta saƙa ido da zare maimakon ƙwaya, ta sayar da shi tare da ƙullin ƙyallaye da baƙin zare, ba kitso ba zani. Malamar firamare a Yelwa ko Wara kuma tana iya yanka ma'auni ɗaya daga kwalin sabulu, aji guda ya yi ta kwafa, a kuma gayyato wata tsohuwa daga cikin unguwa ta nuna musu yadda ake naɗa kan da ba ya warwarewa.